Manhajar Tsara Ayyuka Da Aikin Jama'a: Wa Ya Ɗauka, Kuma Zuwa Yaushe?

 

Ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata cuta da ke kashe ayyukan jama'a a garuruwanmu, tun daga nan Sabon Maci har Kornaka da Dakoro da Maraɗi. A kan taru bayan sallar Juma'a a yi shawarar gyaran masallaci, ko ƙarin aji a makarantar Islamiyya, ko yashe rijiya. Kowa ya ce "za a yi", a shafa Fatiha, a watse. Sai hadari ya taso daga gabas sannan a tuna ba a sayo kwano ba. Sau da yawa kuɗi na nan, niyya ma na nan. Abin da ya ɓace shi ne sanin wanda ya ɗauki kowane sashe na aikin, da ranar da zai miƙa shi, domin kalmar "za a yi" ba ta da mai ita.

Magabata ba haka suka yi ba. A shekara ta 5 bayan Hijira, da aka karɓi shawarar Salmanul Farisi (R.A.) ta haƙa gwalalo don kare Madina, malaman tarihi sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yanka wa kowane mutum goma zira'i 40. Kowace ƙungiya ta san inda rabonta ya fara da inda ya ƙare, kuma ranar gamawa ba ta ɓuya ga kowa ba, tun da rundunar maƙiya na kan hanya. Daga baya Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane da haƙƙoƙinsu. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani kuwa, wato ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi tare da ajalinsa da shaidunsa. Wanda ya ce a gaban jama'a "ni zan kawo yashi ranar Talata", ya ɗauki alkawari mai ajali, kuma alkawari abin tambaya ne.

A kan wannan doka ta rabo da rubutu da ajali aka gina abin da ake kira manhajar tsara ayyuka, wadda ake sa wa a kwamfuta ko wayar salula. Asalinta a takarda yake. Wajen shekara ta 1910 wani injiniya ɗan Amurka, Henry Gantt, ya yaɗa wani jadawali da ake jera ayyuka daga sama zuwa ƙasa, kwanaki kuma a kwance, a ja wa kowane aiki layi gwargwadon daɗewarsa. A shekarun 1950 masana'antar motoci ta Toyota a Japan ta yi amfani da ƴan katuna da ake kira kanban, masu nuna abin da ake buƙata a kowane mataki. Microsoft Project ta fito a 1984, Trello kuma a 2011. Ita Trello allo ne kawai a cikin waya, mai layuka kamar uku: abin da za a yi, abin da ake kan yi, abin da aka gama. Kowane aiki kati ne ɗauke da sunan mai shi da ranarsa, kuma duk wanda aka shigar yana ganin inda katin ya tsaya.

Amma babban abin da muke so a fahimta shi ne wanda injiniyoyin kamfanin DuPont suka tsara lissafinsa a 1957, wato gano jerin ayyukan da suka rataya da juna, waɗanda jinkirin ɗayansu jinkirin aikin ne gaba ɗaya. Mu ɗauki misali da ginin aji ɗaya na ƙasa. Ba a ɗora bango sai tubali ya bushe, ba a buga tubali sai an jawo ruwa an kwaɓa ƙasa, ba a rufi sai bango ya kai, ba a yaɓe na ƙarshe sai an rufa. A ce jawo ruwa da bugun tubali kwana 10 ne, bushewa 10, gini 15, rufi 5, yaɓe 5. Kwana 45 ke nan, kuma babu wanda za a ɗaga daga cikinsu. Sayen tabarmi da allo da ƙofa kuwa, ko an makara da mako biyu ba a yi hasarar komai ba. Kwamitin da bai bambance waɗannan biyu ba, shi ne za ka tarar ya kwashe zama uku yana gardamar launin ƙofa, alhali mai amalanken da zai jawo ruwa ba wanda ya yi masa magana. Idan aka shigar wa manhaja irin Microsoft Project wannan jeri, da zarar bugun tubali ya makara da kwana 4, sai ta matsar da ranar gamawa da kwana 4, kowa ya gani tun da sauran lokaci.

Mu a nan ajalinmu ba mu muke yanka shi ba. Damina kan sauka wajen watan Yuni, daga nan kowa ya koma gona har girbin gero. Bayan girbi kuma samari da yawa su tafi cin rani Nijeriya ko wasu ƙasashe. Don haka sai a ƙirga daga baya: a ɗauki farkon Mayu a matsayin ranar gamawa, a ja kwanakin zuwa baya, a ga ranar da tilas a fara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƴan cin rani ɗin nan su ne suka fi cin amfanin manhajar. A yau mafi yawan kwamitocinmu a zauren WhatsApp suke shawara, inda saƙon murya na ma'aji ke nutsewa a ƙarƙashin gaisuwa da ta'aziyya da sanarwar suna. Wanda ya aiko jaka 20 daga Kano ko Legas yana da haƙƙin sanin abin da aka yi da ita. A kan kati ana iya liƙa hoton rasit da hoton bango inda ya kai, su zauna a nan har a gama. Wannan yana toshe ƙofar zato, zato kuwa ya rusa ƙungiyoyi da dama waɗanda ba a ci ko dala ɗaya a cikinsu ba.

A ganinmu, kwamitin masallaci ko na makaranta ba ya buƙatar manya-manyan manhajojin kamfanonin gine-gine. Allo mai layi uku ya wadatar, a rubuta katunan da Hausa. Trello ta waya tana karɓar gyara ko babu intanet, ta aika idan ya dawo, sai dai ta kyauta tana da iyaka ga yawan mutanen da za a shigar. Inda babu waya mai kyau, baƙin allo da alli a zauren liman suna yin aikin. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, sun riƙe lissafin adashe da bashi alhali yawancin matan ba su yi boko ba, saboda kowane zubi a gaban idon kowa ake yin sa. Haka nan gayya, da Samariya ta zamanin Seyni Kountché, sun yi ayyuka masu yawa ba da kwamfuta ba.

Sai dai a yi hattara, kada waya ta fitar da dattawa daga shawara. Mutanen da suka fi sanin inda ƙasar gini mai kyau take, da maginin da ba ya saɓa alkawari, galibi ba su ne masu latsa waya ba. Don haka a naɗa sakatare ya riƙa karanta abin da ke kan allon da babbar murya duk Juma'a, ya shigar da abin da dattawa suka ce. Kada kuma a rubuta sunayen masu karɓar zakka ko waɗanda suka kasa biyan gudummawa a inda kowa ke gani, domin suturta Musulmi wajibi ne. Kati kuma ya ɗauki sunan mutum ɗaya tak, ko da goma za su taya shi, saboda katin da aka rubuta wa "matasa" ko "kwamiti" ya koma "za a yi".

Ikon gudanar da allon ma kada ya zauna a wayar mutum guda. A ba mutum biyu ko uku, kamar yadda ake raba makullan akwatin kuɗi tsakanin amintattu, a kuma kwafe sunaye da ranaku da kuɗaɗe cikin littafin kwamiti a ƙarshen kowane wata, ko da waya za ta ɓace ko mai ita ya yi tafiya.