Kiwon tarwaɗa a cikin kwami da kududdufi

Duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas ya san tabkin Tabalak. Yana da nisan kilomita wajen 50 daga birnin Tawa. A bakin hanya mata suna sayar da soyayyen kifi, matafiya suna saye. A shekarar 2005 an sa tabkin Tabalak da na Ɗan Dutsi cikin jerin wuraren ruwa masu muhimmanci a duniya. To, amma ruwan tabki yana ja da baya a rani, masunta kuwa suna da yawa. Shi ya sa wasu manoma suke tambayarmu: shin mutum zai iya kiwon babban kifi a garkarsa? Amsarmu ita ce i, in ya san halin kifin da ya zaɓa.

Manyan kifayen da muka sani a tabkunan Adar maciya nama ne. Akwai giwan ruwa, da ragon ruwa, da gaiwa, da tarwaɗa. Abincinsu ƙwari da kwaɗi da ƙananan kifaye.

Giwan ruwa ya fi su girma, domin akan sami mai kilo 100 ko fiye. Namansa yana da tsada, amma ba mu ba kowa shawarar ya sa shi a kwami ba. Yana son ruwa mai faɗi, mai tsabta, mai iska, kuma ya fi son kifi mai rai. A wajen shekarun 1950 an zuba shi a tabkin Biktoriya, can gabashin Afirka. Bayan shekaru talatin ya cika tabkin, ire-iren ƙananan kifaye masu yawa suka ɓace. Kada kowa ya kai shi wani tabki ba tare da sanin ma'aikatan ruwa da daji ba.

Tarwaɗa ce ta dace da mu. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai, kusa da matsatsa, wadda take shaƙar iskar sarari da ita. Shi ya sa take leƙowa saman ruwa tana buɗe baki. Ruwan da zai kashe karfasa, tarwaɗa tana rayuwa a cikinsa.

Mu fara da lissafin ruwa, domin a ƙasarmu nan ne wuyar aikin take. Kwami mai tsawon mita 3, da faɗin mita 2, da zurfin ruwa mita 1, yana cin lita 6000. Tano ɗaya lita 200 ne. Ke nan tano 30 zai cika shi. Bayan kowane kwana 3 sai a zubar da kashi ɗaya cikin uku, wato tano 10, a zuba sabo. Wanda rijiyarsa take ƙafewa a watan Afrilu, ya yi wannan lissafi tun bai sayi siminti ba. Tsohon ruwan ba asara ba ne. Taki ne. A bi da shi zuwa fangalin albasa ko tumatir.

Sabon siminti yana kashe kifi. A cika kwami da ruwa, a bar shi mako ɗaya, a zubar, a wanke. A sake yin haka sau 2 ko 3. Bango ya ɗara ruwa tsawo, a rufe sama da raga, domin tarwaɗa tana tsalle, kuma daren da aka yi ruwan sama tana iya fita ta yi ta jan ciki a ƙasa. Mai farawa ya tsaya a kan ƴaƴan kifi 100.

Yanzu ga babban abin da muke so a riƙe. Tarwaɗa tana cin ƴar'uwarta. Ko rana ɗaya aka ƙyanƙyashe su, wasu suna riga wasu girma. Babbar kuwa duk abin da ya shiga bakinta haɗiyewa take yi. A wata cibiyar yaƙi da jahilci da muke zagayawa, ɗalibai sun haɗa kuɗi sun gina kwami. Ba su taɓa ganin mushen kifi ba, amma ranar kamu sai suka tarar kifin ya ragu ƙwarai, ga waɗansu ƙatti ƴan kaɗan. Har an fara zargin mai gadi, bawan Allah. Laifin namu ne, mu da ba mu koya musu tacewa ba. Bayan kowane mako 2, a watanni biyun farko, a kama kifin da safe, a ware manya daban, ƙanana daban. Saboda haka kwami biyu ƙanana sun fi babba ɗaya.

Yunwa tana ƙara wannan hali. Dusa kaɗai ba ta isar maciyin nama. A haɗa ta da ƙuli-ƙuli, da garin busasshen kifi, da jinin mahauta wanda aka dafa aka shanya. Gara da fara da tsutsa ma abinci ne, muddin ba a fesa musu magani ba. A ba su safe da yamma, abin da za su cinye nan take. Wanda ya rage yana ruɓewa, ya ɓata ruwa. In abinci yana da kyau, cikin wata 6 tarwaɗa tana iya kusantar kilo ɗaya. Da haɗin gida takan fi haka jinkiri.

Lokacin ɗari, a Disamba da Janairu, ruwa yana sanyi, kifi yana rage ci. Mu ma sai mu rage. Da bazara kuwa a yi rumfar zana a kan rabin kwami.

Mai kududdufin laka ya kula da lafiyar gidansa. A kewaye shi da shinge, domin ƙaramin yaro yana iya nutsewa ko a ruwa kaɗan. A cire ciyawar bakin ruwa, nan ne sauro da ƙananan katantanwa suke zama. Katantanwan nan su ne suke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Kada a yi fitsari ko wanka a ciki. Yaron da aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi likita, akwai magani. Wajen kamu kuma a yi hattara da ƙayoyi biyu da suke gefen kan tarwaɗa. In ɗaya ta soki hannu, a wanke da ruwa da sabulu, a nuna wa malamin asibiti idan wurin ya kumbura.