Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin "Idan" da "Da" a Jimlar Sharaɗi

Tambaya: Malam, mene ne bambanci tsakanin "idan ka zo za ka same shi" da "da ka zo da ka same shi"? Ni dai a kunnena duk sharaɗi ne. Daga wata ɗalibar sakandare a Gusau.

Amsa: Madalla, 'yata. Duk sharaɗi ne, amma akwai tazara tsakaninsu. "Idan", ko "in", tana barin ƙofa a buɗe: mai yiwuwa ka zo, mai yiwuwa ka ƙi. "Da" kuwa ta rufe ƙofar. Wanda ya ce "da ka zo da ka same shi" ya riga ya san ba ka zo ba, kuma mutumin ya tafi. Shi ya sa ake cewa da na sani ƙeya ce. Da ita kuma ake ƙaddara abin da babu shi: "da ni ne gwamna, da na gyara hanyar nan." Lura cewa takan zo sau biyu, a farkon sharaɗi da farkon sakamakonsa. In kin taɓa nahawun Larabci, aikin da "lau" take yi ke nan.

Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sai "da" iri-iri su zo da kama ɗaya a takarda. Ga dabarar da nake so ki riƙe: mayar da wakilin sunan zuwa jam'i, domin "ka" tana ɓoye bambancin.

"Da kun zo da mun tafi": ba ku zo ba, ba mu tafi ba. Wasalin wannan "da" dogo ne.

"Da kun zo za mu tafi": wato da zarar kun iso. Ana jiranku.

"Da kuka zo muka tafi": labari ne na abin da ya faru, babu sharaɗi ko kaɗan. "Da" ta ƙaddarawa ba ta jituwa da "kuka" da "suka", alhali "idan" tana karɓar duka biyun: idan kun zo, idan kuka zo.

Akwai kuma "ko da", wadda sharaɗinta ba ya sauya komai: "ko da ya roƙe ni, ba zan ba shi ba."

Littafin nahawun Hausa na Paul Newman, wanda ya fito a 2000, ya yi bayanin wannan babi. Kafin ki same shi, ki riƙa karanta jimlolin nan da ƙarfi, kunnenki zai rarrabe miki su.