Tarar Gurɓata Ruwa: Wa Ke Biya, Wa Ke Karɓa?

Jama'ar Kurmin Kogi da sauran manoman Ikara da Maƙarfi da Kudan, kun san yadda ake yi in shanu suka yi ɓarna a gona. Dagaci kan tura a duba, a ƙiyasta abin da aka ci, mai shanu ya biya mai gona hannu da hannu. Gwargwadon ɓarna, gwargwadon biya. To, in kamfani ne ya zuba dagwalo a rafi, ba haka abin yake tafiya ba.

Ku dubi Kano. Shekara da shekaru masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suna sakin ruwan jima a Kogin Challawa, na Bompai kuma yana bi ta Getsi ya faɗa Jakara, ya gangara madatsar Wasai. Ruwan nan yana ɗauke da sinadarin kuromiyom, ga wari, ga kumfa. Da shi masu lambu ke ban-ruwan latas da kabeji, ba don ba su sani ba, sai don babu wani.

A 2007 gwamnatin tarayya ta kafa NESREA, hukumar kare muhalli. Dokar da ta kafa ta ta yanka wa kamfanin da ya zubar da guba tarar da ba ta wuce Naira 1,000,000 ba, da Naira 50,000 a kowace rana in bai daina ba. Mutum guda ma miliyan ɗayan aka yanka masa, ko ɗaurin shekara 5. Ina adalci a nan? Kuɗin da zai tsiyata mai ƙaramar majema, babban kamfani ko a jikinsa. Biyan tara ya fi masa araha a kan sayen injin tace ruwa. Kuma tarar asusun gwamnati take shiga, mai lambu bai ga ko kwabo ba. Mutanen Bodo a ƙasar Ogoni, waɗanda malalar mai ta gurɓata musu ruwa, sai da suka kai ƙara Landan kafin kamfanin Shell ya yarda ya biya su fam miliyan 55 a 2015.

Kamata ya yi tara ta bi girman kamfani da girman ɓarnar, a tilasta masa gyara rafin, a kuma biya manomi diyya.

Tumatir da rake da barkonon da kuke nomawa da rani, duk ruwan fadama ne jarinsu. Tun 1992 doka ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi, a kuma ji ta bakin jama'a. Saboda haka hakimai da dagatai da masu unguwanni, in wani ya zo neman filin masana'anta, ku tambaye shi inda ruwan dattinsa zai bi, ku nemi ganin takardar binciken kafin kowa ya sa hannu.