Shawara ga Mutanen Diffa Game da Zafi Mai Laima

Ya ku jama'ar Diffa da manoman tattasai na bakin Komadugu, ku sani cewa zafin watan Afrilu, ko da ya haura digiri 40, sau da yawa ya fi sauƙin jurewa bisa ga na ƙarshen bazara, sa'ad da iskar damina ta taso daga kudu ɗauke da laima. Dalili kuwa, Allah cikin hikimarsa ya sanya jikin ɗan Adam ya huce ta bushewar zufa, iskar da ta ƙoshi da tururi kuwa ba ta karɓar wani. Masana sun tabbatar cewa duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na iya riƙe ƙarin tururi kimanin kashi 7 cikin ɗari, ga duniya kuma sai ƙara ɗumi take yi.

Saboda haka a kama aikin gona bayan sallar Asuba, a huta a inuwa mai iska daga hantsi har La'asar, a riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Wanda aka ga ya ruɗe ko maganarsa ta sarƙe, musamman tsoho, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.