Nayis: Dutse Mai Ratsi-Ratsi

Ɗalibai, idan kuka ga falalen dutse mai ratsin fari da baƙi kamar saƙar zane, ku tsaya ku dube shi da kyau. Mai yiwuwa nayis ne. Ana samunsa a wurare da yawa a Nijeriya, misali a kewayen Ibadan da Kaduna.

Nayis rikiɗaɗɗen dutse ne. Da can wani dutse ne dabam, sai ya nutse cikin ƙasa, inda zafi ya wuce digiri 600 a ma'aunin salshiyos, ga kuma matsi mai tsanani. Bai narke ba, amma ma'adinan da ke cikinsa sun rabu: masu haske sun jeru wuri ɗaya, masu duhu wuri ɗaya. Ratsin ke nan. Ku lura da aikatau “rikiɗa”, wato sauya kama. Shi ne muke amfani da shi ga hawainiya, sai dai ita a ɗan lokaci take rikiɗa, dutse kuwa sai ya shekara miliyoyi.

Sunan daga Jamusanci ya fito. Masu haƙar ma'adinai a yankin Sakson na ƙasar Jamus su ne suke kiransa Gneis. Masana da yawa suna ganin asalinsa wata tsohuwar kalma ce mai ma'anar tartsatsi, domin dutsen yana ƙyalƙyali a rana. Bajamushe yana furta harafin g na farko, Bature ɗan Ingila kuwa ba ya furta shi, kuma lafazinsa muka bi muka rubuta nayis.

Ku nemo gutsuren dutse mai ratsi, ku bayyana launukansa da jimloli uku.