Darasi: Yadda Aka Ceci Shahon Tsibirin Morishus

Morishus wani ƙaramin tsibiri ne a Tekun Indiya, gabas da Madagaska. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. A da, kurmi ne ya rufe Morishus. A cikinsa akwai tsuntsayen da babu irinsu a ko'ina a duniya.

Ɗaya daga cikinsu shi ne dodo. Wannan ba dodon tatsuniya ba ne. Wani ƙaton tsuntsu ne da ba ya iya tashi. Turawan Holan sun sauka a tsibirin a 1598. Jiragen ruwa suka kawo ɓeraye da aladu da birai, suka riƙa cinye ƙwansa. Kafin shekarar 1700 dodo ya ƙare ƙaƙaf.

Saura kaɗan wani ƙaramin shaho na tsibirin ya bi sawunsa. An sare kurmi an shuka rake. An fesa maganin sauro mai suna DDT. Maganin ya sa ɓawon ƙwan shahon ya yi laushi, yana fashewa. Birai da ɓeraye da tunku kuma suna cinye ƙwai da 'ya'ya. A 1974 shaho 4 kacal aka san sun rage.

A 1979 wani masanin tsuntsaye mai suna Carl Jones ya zo daga Birtaniya. Shi da abokan aikinsa suka riƙa ɗauke ƙwan farko daga sheƙa. Uwar sai ta sake yin wani. Ƙwan da aka ɗauke ana ƙyanƙyashe shi a inji. Idan 'ya'yan sun yi ƙwari, sai a mayar da su daji. An kafa musu akwatunan sheƙa, an ɗana wa ɓeraye tarko.

A 1994 gwamnati ta keɓe kurmin da ya rage a kwazazzaban Black River, ya zama gandun daji. An hana sara da farauta a ciki. Yau shahon ya kai ɗaruruwa. A 2022 aka naɗa shi tsuntsun ƙasa.

Tsuntsun tsibiri ba shi da wurin gudu. Idan ya ƙare a can, ya ƙare a duniya. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne tsibiri?
2. Shaho nawa suka rage a 1974?
3. Me ya sa ake ɗauke ƙwan farko?
4. Wane tsuntsu ne ya yi ƙaranci a yankinku? Me ya jawo haka?