Teburin Farin Oak a Kugbo: Ya Ci Kuɗinsa?

Tambaya: Ina haɗa wa 'yata kayan ɗaki. A kasuwar Kugbo an nuna mini teburin cin abinci, aka ce na farin oak ne, kuɗinsa ya ninka na sauran. Wane irin katako ne, kuma zai jure yanayinmu? Daga wata uwa a Kubwa, Abuja.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin.

Farin oak ba ɗan dajinmu ba ne, daga gabashin Amurka ake kawo shi. Ƙofofin jijiyoyinsa a toshe suke, ruwa ba ya ratsa shi, shi ya sa ake yin ganguna da jiragen ruwa da shi. Yana cikin katakon wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Constitution da aka sa a ruwa a 1797, wanda har yau yake Boston. Katakon yana da nauyi: busasshensa mai mita ɗaya ta kowane ɓangare yakan kai kilo 750.

Amma kafin maganar nagarta, ki tabbatar shi ne. Da yawa daga abin da ake kira oak garin katako ne da aka matse, aka manna masa siririn ɓawo mai zane. Ki sa a kifa miki teburin ki duba ƙasansa da bakin allon. Idan na gaske ne, zanen da ke sama zai gangaro har gefe, kuma a inda aka yanke shi za ki ga zobe-zoben shekarun bishiyar. Idan kin ga gefen sumul an liƙa masa tef, to, kwaikwayo ne.

Ko na gasken ne, hunturun Abuja ba ya raga masa. Katakon yana kumbura da damina, ya tsuke idan iska ta bushe, sai mahaɗa ta buɗe baki. Ba ya shiri da ƙarfe kuma: ƙusa ta haɗu da laima, sai baƙin tabo ya zagaye ta. Kafinta ya sa sukurun tagulla ko waɗanda ba sa tsatsa.

Da ni ce ke, Hajiya, zan je Dei-Dei in nemi loko, wanda 'yan katako ke kira iroko, ko kawo, wato apa. Dukansu suna jure ruwa, gara ba ta cin su da sauƙi, ba ki biya kuɗin jirgi da kwastan ba. Yana ba ni takaici yadda muke raina su don kawai namu ne. Sharaɗi ɗaya: kada ki yarda da ɗanyen katako komai arharsa. Ki tambayi yaushe aka tsaga shi, kuma kafinta ya jera shi a inuwa da tsinke tsakanin allo da allo, ya sha iska sosai kafin ya sa masa zarto.